Tsabtar ido da haƙƙin ƙasa

Duk wanda ya taɓa koyarwa a makarantar ƙauye ya san abin da safiya take farawa da shi. Tun kafin a ɗaga tuta yara sun bazu cikin fili, kowa da tsintsiyarsa, ƙura ta turnuƙe, malami yana tsaye yana nuna lungun da aka tsallake. A makarantar da na yi shekaru ina koyarwa a karkarar Gangara, cikin gundumar Gazawa ta jihar Maraɗi, muna da itatuwan bedi masu zubar da ganye ba ƙaƙƙautawa. Kullum sai mu tara ganyen a bayan azuzuwa mu cinna masa wuta, kuma na sha yaba wa ajin da ya bar filinsa fes kamar tafin hannu.

Wata safiya ta hunturu wani dattijo mai gona a maƙwabtanmu ya tsaya a bakin darni da buhu a kafaɗa. Bayan mun gaisa ya ce: “Mushe, in ba za ku ji nauyi ba, ku bar mini wannan dattin.” Na ce: “Baba, me za ka yi da shara?” Ya dube ni, ya dubi hayaƙin, sannan ya ce: “Gonata yunwa take ji, ku kuma ga shi kuna ƙone mata tuwo.”

Wannan magana ita ce mafarin tambayar da nake son mu tattauna da abokan aikina malamai da shugabannin ƙungiyoyin raya al'adu. Mun tashi muna jin cewa tsabta cikon addini ce, kuma babu mai hankalin da zai musa. Amma shin duk abin da ido ya kira tsabta alheri ne? Idan mutum ya share ƙasa har ya talauta ta, kyautatawa ya yi ko cin amana?

Dukiyar da ke ƙarƙashin ƙafa

Ya kamata mu fara da sanin abin da dattijon nan ya kira tuwon gona. Ganye yana zuƙar iskar karbon daga sararin sama, ya yi amfani da hasken rana da ruwa ya gina jikin tsiro da ita, tun daga saiwa har zuwa reshe. Kusan rabin nauyin busasshen itace karbon ne. Idan ganye ya faɗi ko saiwa ta mutu, gara da tana da ƙananan halittun da ido ba ya gani sai su hau cinsa. Wani kaso ya koma sama a matsayin iska, wani kuma ya saura cikin ƙasa ya zama baƙin ruɓaɓɓen abun nan da ke sa ƙasa ta riƙe laima da sinadaran da shuka ke buƙata. Shi ne manomi yake nufi idan ya ce gona tana da ƙarfi, rashinsa kuma yake nufi idan ya ce gona ta gaji ko ta mutu.

Masana sun ƙiyasta cewa mita ɗaya ta saman ƙasar duniya tana ɗauke da kimanin tan biliyan 1500 na irin wannan karbon, wato fiye da wanda ke yawo cikin iskar sama nesa ba kusa ba. Shi ya sa maganar ƙasar noma ta shiga cikin maganar ɗumamar yanayi, domin kuwa abin da ƙasa ta riƙe bai shiga sama ba, abin da ta saki kuma ya ƙaru a kan hayaƙin injuna. A taron duniya kan yanayi da aka yi a Paris a 2015, Faransa ta gabatar da wani shiri mai suna “4 cikin 1000”, wanda manufarsa ita ce a riƙa ƙara wa ƙasa wannan ajiya kaɗan-kaɗan kowace shekara.

Jigawar ƙasarmu kuwa tana cikin matalautan ƙasashe ta wannan fuska. Karbon ɗin da ke cikinta bai kai kashi 1 cikin 100 ba, sau da yawa ko rabin hakan bai kai ba. Dalili biyu ne. Zafi yana gaggauta ruɓewa da zarar laima ta samu, rairayi kuma ba shi da yumɓun da zai kama abin da ya ruɓe ya adana shi. Ke nan jigawa rumbu ce mai yoyo: abin da aka zuba bara ba ya jiran baɗi sai an ƙara. Wuta kuwa tana mayar da abin da itace ya tara cikin watanni zuwa sama cikin ƴan mintoci. Tokar da ta rage tana da ɗan amfani, amma iskar hunturu kan kwashe ta kafin ruwan farko.

Yadda gona fes ta zama abin yabo

Kakanninmu ba su san kalmar karbon ba, amma sun san biyan bashin ƙasa. Idan gona ta gaji sai a bar ta saura na wasu shekaru, sabara da kalgo su rufe ta. Bayan girbi manomi kan gayyato makiyayi ya zaunar da garkensa a gona, a ba shi hatsi, shi kuma ya bar taki. Gawo yana da alfarma ta musamman, domin yana kaɗe ganyensa da damina, ba ya yi wa hatsi inuwa, ga shi yana ƙara wa ƙasa sinadarin da takin zamani ke bayarwa. Har yau ana ba da labarin tsananin horon da Sarkin Damagaram Tanimu, a ƙarni na 19, ya tanadar wa mai saran gawo, kuma wanda ya ratsa Matamai da Magarya da Mirya ya ga yadda gawo ya yi wa gonaki rumfa.

Abubuwa da dama suka haɗu suka karya wannan tsari. Noman gyaɗa na sayarwa, tun zamanin Turawan mulki har zuwa zamanin kamfanin SONARA, ya faɗaɗa gonaki. Garmar shanu tana son fili marar kututture, malaman gona kuma suka yi ta koyar da cewa manomin zamani shi ne mai tumɓuke komai. Dokar gandun daji, daga ta Faransawa ta 1935 zuwa ta 1974, ta mayar da itatuwa masu daraja ƙarƙashin ikon hukuma, har manomi ya ga itacen da ya tsiro a gonarsa ba abin da zai jawo masa sai tara. Jama'a kuma ta yi yawa: ƙidayar 2012 ta nuna mutanen jihar Maraɗi sun haura miliyan 3 da dubu 400, gonaki suka tsattsage wajen rabon gado, saura ta zama labari.

A nan ne kalma ta yaudare mu. Sassabe, wato a sare duk wani tsiro kafin damina a tara a ƙone, ya zama ma'aunin mutunci. Mai gona fes shi ne namijin duniya, wanda ya bar sabara tsaye kuwa rago ne. Muka ɗauki hukuncin da ya dace da tukunya da tsakar gida muka ɗora wa gona, alhali kuwa ba ɗaya suke ba. Fari na 1973 da 1974, da yunwar 1984 wadda mutanen Maraɗi suka yi wa laƙabi da El-Buhari, sun tarar da ƙasa tsirara. Manoma suka riƙa shuka sau biyu, sau uku, iska tana binne tsiron da rairayi ko ta yanke shi.

Sassaben zamani

Abin da ya biyo baya ya faru ne a ƙofar gidanmu, kuma ya kamata kowane ɗalibi ya san shi. A 1983 wani masanin noma ɗan ƙasar Ostareliya, Tony Rinaudo, wanda ke aiki da ƙungiyar SIM a Maraɗi, bayan ya sha wahalar dashen itatuwan da galibinsu ke mutuwa, ya lura cewa ƴan tsirran da ake sassabewa kowace shekara tohon kututtura ne masu rai, waɗanda saiwarsu ta daɗe da yin nisa cikin ƙasa. Dabarar ba ta buƙatar kuɗi: a zaɓi rassa kaɗan masu ƙarfi a kan kowane kututture, a datse sauran, a kare su har su zama itace. Ita ce aka sa wa suna sassaben zamani. Ƴan ƙalilan da suka fara gwadawa sun sha dariya, an kira gonakinsu ƙazamai, an kuma sace musu itatuwa da dare.

A yunwar 1984 aka haɗa dabarar da rabon abinci, wato wanda ya bar itatuwa a gonarsa a ba shi tsaba. Dubban mutane suka shiga. Da rabon ya ƙare, mafi yawansu suka koma suka sare abin da suka raina. Sai dai waɗanda suka bar nasu sun ga bambanci da idonsu: iska ta rage ɓarna, ga makamashi kusa da gida, ga abincin dabbobi da rani, ga hatsi ya fi kyau a gindin itace. Daga nan dabarar ta bi bakin manoma daga ƙauye zuwa ƙauye. A Ɗan Saga, cikin gundumar Agye, mutanen gari tare da goyon bayan ayyukan asusun FIDA sun kafa kwamitin sa ido wanda ya haɗa manoma da mata da makiyaya, suka shimfiɗa ƙa'idojin sara da hukuncin mai satar itace. A shekarun 2000, nazarin da masana irin su Mahamane Larwanou da Chris Reij da Gray Tappan suka yi da hotunan sama ya ƙiyasta cewa kimanin hekta miliyan 5 na gonakin Nijar sun sake tsiro da itatuwa wajen miliyan 200. A 2018 aka karrama Rinaudo da Yacouba Sawadogo na Burkina Faso da kyautar Right Livelihood a ƙasar Suwidin.

Bai kamata mu zuzuta abin fiye da ƙima ba. Mafi yawan karbon da aka samu yana cikin gangar itatuwan da saiwoyinsu, wanda ke shiga cikin rairayi kuwa a hankali yake taruwa, kuma gatari ɗaya na iya mayar da hannun agogo baya. Duk da haka awo ya sha nuna cewa ƙasar gindin gawo da sabara da kalgo ta fi ta sarari ƙarfi, domin suna zubar da ganye, suna tare ƙurar hunturu, dabbobi kuma suna hutawa a inuwarsu su bar kashi. Wani bincike a Senegal ma ya nuna cewa sabara tana jawo ruwa daga zurfin ƙasa da dare, hatsin da ke kusa da ita ya amfana. Tsiron da muka kira datti ashe shi yake shayar da abincinmu.

Ciyawar ado

Kada mai karatu ya zaci wannan ruɗi na ido ciwon talaka ne shi kaɗai. A Ingila da Amurka, alamar gidan mutumin kirki ita ce shimfiɗaɗɗiyar ciyawa kore a ƙofar gida, wadda ake askewa da inji kowane mako. Wani nazari na 2005 ya ƙiyasta faɗin irin wannan ciyawa a Amurka da kimanin murabba'in kilomita 160,000. Gaskiya ne saiwarta tana ajiye karbon cikin ƙasa. Amma injin aski yana shan mai, takin zamanin da ake zuba mata yana fitar da wata iska mai ɗumama duniya fiye da iskar karbon, ban ruwanta kuma yana cin makamashi, har ribar ta kan ragu ƙwarai. Bugu da ƙari, mutane da yawa suna kwashe askakkiyar ciyawar da ganyen da ya zuba su cusa cikin leda a kai juji, sannan su sayo taki su maye gurbinsa. Masanansu suna ba su shawarar da dattijon Gangara ya ba ni: a bar wa ƙasa abin da ya faɗo mata.

Wannan ado ya iso manyan gidaje da otal-otal na Yamai da Kano, inda ake shayar da baƙuwar ciyawa da ruwan famfo a tsakiyar bazara, a unguwannin da maƙwabta ke bin layin ruwa da jarka. Mai askin ciyawa da mai sassabe tafiyarsu ɗaya: dukansu suna yi wa idon maƙwabci aiki, kowa yana tsoron a ce gidansa ko gonarsa ba ta da kyan gani. Masu iya magana sun ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. A sha'anin ƙasa dai ido ya kasa, domin abin da ya kamata a auna yana ƙarƙashinta.

Hujjar mai ƙaramin ƙarfi

Akwai ƙorafi mai nauyi da ba zan tsallake ba. Wani zai ce: malam mai albashi, da sauƙi ka ce a bar kara a gona. Matar da ba ta da itacen girki da karan take dafa tuwo. Da shi ake darni da rufin ɗaki, shi tumaki ke ci da bazara, kuma a yau kuɗi ne a kasuwa. In ka bar naka, wani ne zai kwashe da amalanke. Haka mai noman aya a Agye da Gazawa da Cadawa ya san cewa girbinta, inda ake ƙone ciyawar a tone ƙasa a tankaɗe ta, yana barin gona a buɗe ga iska, amma kuɗin ayar ne ke yi masa suturar iyali da aurar da ƴaƴa. Akwai kuma mai noma gonar aro ko ta jingina, da matan da ba su da gona sai ɗan gamana da miji ya yanka musu. Da wane dalili za su raini itacen da gobe za a ce ba nasu ba ne?

Wannan hujja gaskiya ce, kuma tana koya mana cewa ba a ɗora wa mutum amanar abin da aka hana shi mallaka. Sassaben zamani bai yaɗu ba sai da manomi ya sami tabbacin cewa reshen da ya raina shi zai more shi. Hukuma ta biyo baya da dokar gandun daji ta 2004, sannan da dokar 30 ga Yuli 2020 wadda ta amince da haƙƙin manomi a kan itatuwan da ya raina a gonarsa. Saboda haka nauyin ƙasa ba a wuyan manomi kaɗai yake ba. Yana kan mai gari da ke raba gardamar iyaka, da magajin da ke rabon gado, da ma'aikacin gandun daji, da mai gonar da ya ba da aro.

Amma talauci bai soke tambayar ba, domin talaka ne farkon wanda mutuwar gona ke kayarwa. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Hasali ma itacen da aka raina shi ne ke ƴanta kara: idan rassan da aka datse sun isa girki, ganyen kalgo da ƴaƴan gawo sun tallafi dabbobi, sai a sami karan da za a bar wa gara ta shigar cikin ƙasa. Kuma ko mai hujjar yunwa ba shi da hujjar wuta. Wanda ya kwashe kara don girki ya biya buƙata, wanda ya tara ganye ya ƙone don ido kuwa babu cikin da ya cika.

Idan aka sa wa amana farashi

Yanzu duniya ta waiwayo da wata sabuwar magana, wato kasuwar karbon. Kamfanin da ke fitar da hayaƙi a Turai ko Amurka yana iya biyan manoman wata ƙasa kuɗi saboda karbon ɗin da itatuwansu suka riƙe, a rubuta masa cewa ya rage laifinsa. An yi hakan a Humbo ta ƙasar Habasha, inda aka farfaɗo da daji mai faɗin hekta sama da 2,700 da irin dabarar Maraɗi, jama'ar wurin suka karɓi kuɗi. Ba na ƙyamar manominmu ya sami lada a kan wahalarsa. Iskar karbon da ɗan Nijar ɗaya ke fitarwa ta hanyar ƙona mai a shekara ba ta wuce kimanin kashi ɗaya cikin goma na tan ba, ta Ba'amurke ɗaya kuwa ta haura tan 13, ga shi mu ne fari da ambaliya suka fi cuta. In an biya mu, bashi aka rage.

Sai dai darasin 1984 yana nan. Itacen da aka bari don tsaba ya faɗi ranar da tsaba ta ƙare, wanda ya tsaya shi ne wanda mai shi ya gane amfaninsa ga gonarsa da ƴaƴansa. Zanen aro ba ya rufe katara. Idan dalilin rainon ƙasa ya koma hannun mai saye a wata nahiya, to ranar da farashi ya faɗi dalilin ya faɗi. Akwai kuma tambayoyin da ƙungiyoyinmu ya kamata su yi kafin kowa ya dangwala yatsa a takarda: shekara nawa yarjejeniyar za ta ɗaure gonar, wa zai auna, nawa ne zai iso hannun manomi bayan dillalai, kuma shin mace za ta ci gaba da datsar reshe don girki, makiyayi ya bi burtalinsa?

Kammalawa

Abin da na fahimta shi ne, tsabta ta gaskiya ita ce ajiye kowane abu a muhallinsa. Leda da gwangwani da mataccen batir ba su da muhalli a gona ko a filin makaranta, kwashe su wajibi ne. Ganye da kara da kashin dabba kuwa muhallinsu ƙasa, wanda ya raba su da ita ya ɗauki abin da ba a ba shi ba. Gonar da muke nomawa mun tarar da ita da ƙarfin da wasu suka bar mata, waɗanda ba su san sunayenmu ba. Waɗanda za su gaje ta ba su da bakin da za su kai ƙararmu gaban alƙali, kuma irin wannan haƙƙi, wanda mai shi ba ya nan balle ya nema, shi ne ake gane mai amana da shi. Malamanmu na addini sun daɗe suna karantar da cewa itacen da mutum ko dabba ko tsuntsu ya ci daga gare shi sadaka ce ga wanda ya raine shi.

Mu malaman makaranta muna da hannu a cikin kuskuren, domin mu muka koya wa yara cewa ganye datti ne, muka kuma saba dasa itace ranar 3 ga Agusta mu manta da shi kafin a koma hutu. A makarantarmu, bayan maganar dattijon nan, mun haƙa rami biyu a bayan azuzuwa. Yara suna ware leda gefe, ganye kuma a zuba a rami tare da ɗan toka da kashin awaki, a yayyafa ruwan wanke allo. Buhun Baba kuma ba mu hana shi ba. Da damina ta kewayo muka buɗe ramin farko, na sa kowane yaro ya damƙi baƙar ƙasar ya shinshina, sannan ya damƙi rairayin tsakar fili ya gwada su. Ina roƙon ƙungiyoyinmu na al'adu, masu wasan kwaikwayo da mawaƙa da masu shirin rediyo, su taimaka a sauya wa yabo wuri, ta yadda kirarin da ake yi wa mai gona fes zai koma kan wanda ya bar wa ɗansa gona da gawo tsaye a cikinta. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya sa mu fita haƙƙin ƙasar da muke takawa.